Sauyin Manhaja da Haƙƙin Masu Dogaro da Ita

  Daga Abuja shirin yake zuwa muku. Gaisuwa ga masu saurare a Bwari da Kuje da Gwagwalada da Kwali da Abaji, da waɗanda ke cikin birni.

Maganar yau a kan manhaja ce. Wanda bai taɓa rubuta manhaja ba kada ya murɗa akwatinsa ya ce babu ruwansa. Idan an taɓa yi wa ɗanku allurar rigakafi a asibitin gwamnati, to da ruwanku. Lissafin wannan allurar ya bi ta cikin ɗaya daga manhajojin da za ku ji labarinsu yanzu.

Tambayar shirin guda ɗaya ce. Idan dubban mutane sun dogara da manhaja, ta yaya za a canza ta ba tare da an tsayar musu da aiki ba? Amsar za ta zo kashi biyar. A duk kashi biyar ɗin, ku riƙe abubuwa uku a zuci: sanarwa, wa'adi, da hanyar komawa baya.

Kashi na farko. Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja, kuma ina take a Abuja?

Kowace manhaja rubutu ce. Jerin umarni ne da mutum ya rubuta wa kwamfuta, layi bayan layi. Masu sana'ar suna kiran wannan rubutu kod. Wasu kamfanoni suna kulle kod ɗinsu, su sayar da manhajar kawai. Wasu kuma suna shimfiɗa nasu a fili, da lasisin da ya yarje wa kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wasu. Wannan ita ce buɗaɗɗiyar manhaja.

Ku leƙa wani ƙaramin asibiti a Kwali ranar ƙarshen wata. Jami'ar lafiya ta jero rajistocinta a kan tebur. Ga na awon ciki, ga na haihuwa, ga na rigakafi, ga na zazzaɓin cizon sauro. Tana ƙidayawa tana cika fom ɗin wata. Fom ɗin zai tafi hannun jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da alƙaluman a kwamfuta. Manhajar da yake shigarwa a ciki sunanta DHIS2. Daga nan Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, a nan Abuja, take ganin abin da ke gudana a jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774.

DHIS2 buɗaɗɗiyar manhaja ce. Tushenta yana Afirka ta Kudu, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar rubuta ta. An fara aiki da ita DHIS2 ɗin kanta a jihar Kerala ta Indiya a 2006, kuma yau ƙasashe fiye da 70 suna amfani da ita.

Ga ta biyu, wadda ma a ƙasar nan aka haife ta. A watan Yulin 2014 cutar Ebola ta shigo Legas daga Laberiya. Ma'aikatan lafiya sun bi sawun duk wanda ya yi cuɗanya da masu cutar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Najeriya ranar 20 ga Oktoban shekarar. Wahalar da aka sha wajen bin sawun nan ce ta haifar da manhajar SORMAS. Masana na Najeriya ne suka haɗa kai da cibiyar binciken cututtuka ta Helmholtz da ke Jamus. An gwada ta a jihohin Kano da Oyo a 2015. A 2016 aka mayar da ita buɗaɗɗiya. Hukumar NCDC, mai hedikwata a Jabi, ta yi aiki da ita lokacin ƙyandar biri a 2017, da kuma lokacin korona. Har ofisoshin lafiya na Jamus suka ɗauke ta a lokacin annobar.

To, ku lura da abin da wannan yake nufi. Mai rubuta kod yana zaune a Oslo. Ya canza layi goma da rana tsaka. Wata rana wannan canjin zai iso teburin jami'in da ke Kwali. Ba su san juna ba, ba za su taɓa haɗuwa ba, amma aikin ɗaya yana rataye a wuyan ɗayan.

Kashi na biyu. Mene ne canji mai karya aiki?

Canjin da ake yi wa manhaja iri uku ne. Akwai gyaran kuskure. Akwai ƙarin sabon abu. Waɗannan biyun ba sa taɓa abin da mutane suka saba. Na ukun shi ne wanda idan ya zo, abin da ke aiki jiya ya daina aiki yau. Shi ake kira canji mai karya aiki.

Ta ina karyewar take shigowa? Manhajoji suna magana da junansu. Manhajar da ke cikin wayar ma'aikaci tana aika bayani ga babbar kwamfutar ajiya. Wata manhajar kuma tana ɗebo alƙaluma ta zana wa darakta jadawali. Wannan magana tana bi ta wata mashiga da masu sana'ar ke kira API. Yarjejeniya ce tsakanin manhajoji biyu. Aiko tambaya da wannan suna, a ba ka amsa a wannan tsari. Ranar da ɓangare ɗaya ya canza suna ko tsari bai gaya wa ɗayan ba, yarjejeniya ta warware.

Karyewar ma iri biyu ce, kuma a nan ake son ku kasa kunne sosai.

Akwai mai hayaniya. Ma'aikaci ya danna, allo ya nuna jan rubutu, bayani ya ƙi tafiya. Abin haushi ne, amma kowa ya gani, kuma za a kira mai gyara.

Akwai kuma mai shiru. A ce manhaja ta saba rubuta kwanan wata da rana a gaba, wata a baya. Sai sabuwar siga ta juya su. Yaron da aka yi wa allura ranar 3 ga Afrilu ya koma ranar 4 ga Maris. Babu jan rubutu. Babu wanda ya kira kowa. Alƙaluma suna ta shiga, rahoto yana ta fita, ana ta yanke shawara a kan ƙarya. Wannan ce karyewar da ƙwararru suka fi tsoro.

Ko fom ɗin takarda yana da sigogi. An sabunta fom ɗin bayanan lafiya na ƙasa a 2013, aka sake sabunta shi a 2019. Duk lokacin da aka ƙara gurbi a fom ko aka raba gurbi ɗaya biyu, sai an daidaita manhaja, an horar da ma'aikata, an kuma tsara yadda za a kwatanta alƙaluman bana da na shekarun baya.

Duk ɗan Najeriya ya taɓa ɗanɗana irin wannan canji, ko da bai san sunansa ba. Ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Sababbin suka fara yawo ranar 15 ga Disamba. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. An yi sanarwa, amma wa'adin ya yi gajarta, kuma sababbin takardun ba su wadata ba. Kun tuna layukan bankuna. Kun tuna mai tumatur a kasuwar Wuse da ke ƙin karɓar tsohuwa alhali babu sabuwa a hannun mai saye. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsoho da sabo su ci gaba da tafiya tare har ƙarshen shekara. A watan Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin baki ɗaya.

Abin da kotu ta tilasta a ƙarshe shi ne abin da masu manhaja nagari suke farawa da shi. Tsoho da sabo su yi aiki tare na wani lokaci. Sanarwa, wa'adi, da hanyar komawa baya.

Kashi na uku. Yadda ake adana tarihin kowane canji.

Duk ɗalibin da ya rubuta kundin kammala karatu ya san matsalar. Kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filasha, ɗaya a wurin mai buga takardu, kuma kowanne da ɗan bambancinsa. Mutum ɗaya ke nan. To, ina ga mutum dubu da ke rubutu a kan kod ɗaya daga ƙasashe daban-daban?

Maganin wannan shi ne manhajar kula da sigogi, kuma wadda ta fi shahara ita ce Git. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland wanda ya fara buɗaɗɗiyar manhajar Linux a 1991, shi ya rubuta ta a watan Afrilun 2005. Dalili kuwa, masu aikin Linux suna amfani da wata manhajar kamfani mai suna BitKeeper, sai aka janye musu izinin amfani da ita kyauta. Cikin 'yan makonni Git ta fara aiki. A watan Yulin shekarar Torvalds ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, wanda ya ci gaba da riƙe ta. Dandalin GitHub, inda kod ɗin DHIS2 da na SORMAS suke a fili, an buɗe shi a 2008. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5.

Ga yadda Git take aiki, a taƙaice.

Na ɗaya, ajiya. Duk lokacin da mai rubutu ya gama wani gyara, sai ya ajiye shi a tarihi. Ajiyar tana ɗauke da sunansa, da ranar, da layukan da ya taɓa, da dalilinsa. Bayan shekara biyar wani zai iya buɗewa ya ga wanda ya canza layin, da abin da ya sa.

Na biyu, reshe. Mai sabon tunani ba ya taɓa babban kod ɗin da jama'a ke amfani da shi. Yana cire reshe, ya yi gwajinsa a can. In ya yi kyau a haɗe shi. In bai yi ba a watsar, babu wanda ya cutu.

Na uku, buƙatar haɗewa. Kafin reshe ya shiga babban kod, mai shi yana gabatar da shi a fili. Wasu su karanta, su yi tambaya, su nuna gyara. A lokaci guda kwamfuta tana gudanar da ɗaruruwan gwaje-gwaje da kanta, don ta ga ko sabon ya karya tsoho. A nan ne ake kama yawancin ɓarna, tun ba ta fita gida ba.

Na huɗu, tambari. Idan aka shirya fitar da siga ga jama'a, sai a buga wa wannan matsayi na tarihi tambari da lamba. Ko bayan shekara goma, wanda ya nemi wannan lambar zai sami kod ɗin yadda yake a ranar.

Akwai wata dabara a cikin Git da ta cancanci ku ji ta. A ce matsala ta ɓulla, kuma an yi ajiya dubu tun ranar da aka tabbatar komai lafiya. Ba sai an duba dubun ba. Git tana zuwa tsakiya ta ce a gwada. In lafiya, laifin yana rabin gaba. In ba lafiya, yana rabin baya. Ta sake raba rabin biyu. Gwaji goma kacal ya isa a kama ajiyar da ta jawo matsalar a cikin dubu. Amma dabarar tana amfani ne idan ajiyoyin ƙanana ne, kowace da aiki ɗaya da bayani mai ma'ana. Wanda ya tara aikin wata guda ya ajiye lokaci ɗaya, ya rubuta "gyara" kawai a matsayin bayani, ya rufe wa na bayansa hanya.

Wani alherin Git ga mai aiki a ƙasar nan shi ne, kowa yana da cikakken tarihin a kwamfutarsa. In an ɗauke wuta ko sabis ya tafi, aiki bai tsaya ba. Ya ci gaba da ajiya, in sabis ya dawo ya tura.

Sai gargaɗi ɗaya. Git ba ta mantuwa. Wanda ya saka kalmar sirri ko sunayen marasa lafiya a ma'ajiyar da ke fili, ko ya goge washegari, suna nan a tarihi, kuma wataƙila wani ya riga ya kwafa. Kalmar sirrin dole a canza ta nan take. Bayanan mutane kuwa, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhakinsu a kan wanda ya tattara su.

Kashi na huɗu. Lambobi uku, da maganar wa'adi.

Kun sha ganin lamba kamar 2.4.1 a jikin manhaja. Ba ado ba ne. Akwai wata ƙa'ida da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, wadda sigarta ta biyu ta fito a 2013. Ƙa'idar ta ba kowace lamba ma'ana.

Ku fara daga dama. Lambar ƙarshe ta gyaran kuskure ce. Daga 2.4.1 zuwa 2.4.2, an toshe wata ɓaraka, a sabunta ba fargaba. Lambar tsakiya ta ƙari ce. Daga 2.4 zuwa 2.5, an kawo sabon abu, tsohon yana nan yadda yake. Lambar farko kuwa ita ce ƙararrawa. Daga 2 zuwa 3, an karya wani abu da gangan. A tsaya, a karanta, a gwada.

A maimaita. Ta dama gyara. Ta tsakiya ƙari. Ta hagu karyewa. In kuma lambar hagu sifili ce, masu manhajar suna cewa ba su gama tsayar da tsari ba, komai na iya canzawa.

Sai dai ba kowa ke bin wannan ƙa'ida ba. Manhajar Ubuntu da kwanan wata take lissafi, shi ya sa 24.04 ke nufin Afrilun 2024. DHIS2 ta daɗe tana tafiya da 2.38, 2.39, sai a 2023 ta kira sigarta 40 kawai, kuma yanzu babbar siga ɗaya take fitarwa a shekara. Don haka lamba ishara ce. Cikakken bayani yana cikin takardar sauye-sauye da ke rakiyar kowace siga, inda ake jera abin da aka ƙara, da abin da aka gyara, da abin da aka cire.

Yanzu ga yadda ake cire abu cikin mutunci. DHIS2 tana da sashen bin mutum ɗaya-ɗaya, kamar mai ciki daga awon farko har haihuwa. A 2021, cikin siga 2.36, aka sake gina mashigar wannan sashe. Ba a rufe tsohuwar ba. An bar ta tana aiki, aka rubuta a jikin bayaninta cewa ta tsufa, aka kuma faɗi lambar sigar da za a cire ta a ciki. Sai a siga 42, a 2025, aka cire ta. Shekara huɗu ke nan tsoho da sabo suna tafiya tare. Bayan haka, masu DHIS2 suna ci gaba da aika gyara ga manyan sigogi uku na baya-bayan nan, don ƙasar da ba ta shirya ƙaura ba kada a bar ta a rana.

Labarin Python kuma yana nuna tsadar abin. Python harshen rubuta manhaja ne, kuma da shi matasa da yawa ke fara koyo. A watan Disambar 2008 aka fitar da Python 3, wadda ta karya kod mai yawa da aka rubuta da Python 2. Akwai dalili mai ƙarfi. Ɗaya daga manyan gyare-gyaren shi ne yadda harshen ke riƙe haruffan da ba na Ingilishi ba. Mai rubuta Hausa ya amfana kai tsaye, domin ƙ da ɗ da ɓ suna cikin haruffan da tsohon tsarin ke yawan dagulawa. Duk da haka mutane suka ƙi ƙaura. An sa 2015 a matsayin ƙarshen Python 2, aka ga ba zai yiwu ba, aka ɗage zuwa 1 ga Janairun 2020. Shekara goma sha ɗaya aka yi ana ɗauke da harshe biyu.

Masu Linux kuwa suna da tsauraran matakai a kan wannan. A wurinsu, canjin da ya tsayar da manhajar masu amfani ana janye shi, komai kyawunsa.

Wuri ɗaya ne ake karya aiki ba a jira wa'adi ba, shi ne inda tsaro ya shigo. A watan Disambar 2021 aka gano babbar ɓaraka a Log4j, wani ɗan kod da ke cikin dubban manhajojin da aka rubuta da harshen Java. Ta wannan ɓaraka ɓarawo zai iya juya kwamfuta daga nesa. Masu kula da shi, waɗanda 'yan sa-kai ne ƙalilan, suka kashe sashen da ke da matsalar cikin kwanaki. Wanda ya dogara da sashen ya ji jiki, amma barinsa a buɗe ya fi haɗari.

Kashi na biyar, kuma na ƙarshe. Me ya rage a wuyan mai amfani?

Ku ji abin da ya faru a watan Maris na 2016. Wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya sami saɓani da masu npm, wani rumbu da ake ajiye kod don wasu su ara, a kan sunan wani aikinsa. Ya fusata ya janye ayyukansa fiye da 250 daga rumbun. A cikinsu akwai wani mai suna left-pad, layi 11 kacal. Ashe manyan ayyuka irin su Babel da React suna jingine da shi ta bayan fage. Cikin 'yan mintuna dubban ayyuka a duniya suka kasa haɗuwa. Sai da masu rumbun suka maido da shi da kansu, sannan suka tsaurara dokar janye kaya.

Darasin a fili yake. Duk manhaja tana tsaye a kan wasu manhajoji, su ma a kan wasu. Mai hankali yana sanin abin da yake tsaye a kai.

Saƙo na farko ga matasa masu rubuta kod, har da waɗanda ke koyo a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Ku kulle sigogin kayan da kuka aro, ta yadda ba za su sabunta kansu cikin dare ba. Ku karanta takardar sauye-sauye kafin ku ɗaga lamba. Ranar da kuka zama masu fitar da kaya, ku yi koyi da na gida. Segun Adebayo ɗan Najeriya ne, kuma shi ya ƙirƙiri Chakra UI, tarin kayan gina fuskar shafukan intanet da ake amfani da shi a ƙasashe da dama. A watan Oktoban 2024 aka fitar da siga ta 3, wadda ta sauya sunayen umarni masu yawa. An ɗaga lambar hagu, an fitar da jagorar ƙaura mai nuna tsohon suna da sabon da ya maye gurbinsa, kuma bayanan siga ta 2 suka ci gaba da zama a intanet. Masu neman abokan koyo kuma, akwai ƙungiyar Open Source Community Africa, wadda Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018.

Saƙo na biyu ga shugabannin ofisoshi, daga sakatariyar tarayya zuwa ta ƙaramar hukuma. Ranka ya daɗe, manhaja kyauta ce, amma kula da ita yana cin kuɗi. A ware mata kaso a kasafi kowace shekara. A tanadi kwamfutar gwaji, inda za a ɗora sabuwar siga a kan kwafin bayanai kafin a taɓa ta aiki. A ɗauki cikakken kwafin ajiya kafin kowane sabuntawa, a kuma gwada maido da shi, domin yawancin sabuntawa suna sauya tsarin rumbun bayanai ta yadda kwafin nan ne kaɗai hanyar komawa. A fara da ƙaramar hukuma ɗaya kafin a game ƙasa. Kada a sabunta a makon haɗa rahoto, ko ana tsakiyar zagayen rigakafi. Idan kuma ma'aikatanku sun yi wa manhajar gyara na gida, su aika shi ga masu asalin aikin. Gyaran da aka ɓoye a ofis, kowace sabuwar siga sai ta rushe shi, a sake biyan kuɗin gina shi.

Jinkiri ma yana da nasa haɗarin. Ofishin da ya tsaya a tsohuwar siga shekara biyar ya fita daga cikin waɗanda ake aika wa gyaran tsaro, kuma ranar da zai yi ƙaura sai ya haɗiye canjin shekara biyar a zama ɗaya.

Saƙo na uku gare ku, malamai ma'aikatan asibiti da jami'an shigar da bayanai. Ku ne idon farko. In manhaja ta sabunta kuka ga alƙaluma sun yi wani iri, kada ku yi shiru. Ku rubuta abu uku: lambar siga, abin da kuka danna, da abin da kuka gani. Ku ɗauki hoton allo, ku rufe sunan mara lafiya, ku aika wa jami'in da ke sama da ku. Rahoto irin wannan yana rage wa mai gyara aikin kwanaki.

Kafin shirin ya rufe, ga ɗan aiki ga kowa. Ku buɗe saitin wayarku, ku gangara wurin bayanin waya. Za ku ga lambar sigar Android, da kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da wayar ta karɓa. In kwanan watan ya wuce shekara guda, ku duba ko akwai sabuntawa da ke jira. Ku fara adana hotuna da lambobinku, ku tabbatar batir ya cika, sannan ku danna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, shirin zai duba lasisin buɗaɗɗiyar manhaja, da bambancin lasisin MIT da na GPL, da abin da kowannensu ya halatta wa ɗan kasuwar da ke son sayar da aikinsa.